Amarya Tana Yoyo

"Riƙe mini mazurarin nan, kuma kada ka taɓa komai," in ji Baba.

Bi-sannu ya riƙe mazurari. Magidanci ne da furfura a gemu, direbobin tasha har gaishe shi suke da rusunawa, amma da safe a gaban injin akori-kurar nan ba shi da ta cewa. Baba ya zaro geji, dogon ƙarfen nan na awon baƙin mai, ya goge shi da tsumma, ya mayar, ya sake zarowa, ya ɗaga shi wajen haske yana ƙanƙance ido.

"Ta sha," ya ce. "Amarya ta sha mai jiya."

Ya karkata galan, mai ya bi mazurari ƙul-ƙul-ƙul. Da ya ga ya isa, ya ƙara ɗan kaɗan saboda hanya.

Motar ta Baba ce tun asali, shi ya raɗa mata Amarya, ko da yake yanzu fentinta ya koɗe, ƙofar hagu kuma sai da gwiwa take rufuwa. Ya ja ta har gwiwoyinsa da idanunsa suka ce sun gaji, sannan ya miƙa wa ɗansa makulli. Da Inna ta rasu, tsohon ya shige ɗaki ya ƙi fitowa. Abinci yadda aka kai haka ake ɗauko shi, rediyonsa ma ya daina kunnawa. Abin da ya fito da shi, wata safiya ce ya ji Bi-sannu ya tayar da mota bai buɗe murfin inji ba. Ya fito da zani a kafaɗa yana faɗa, wai wane irin direba ne zai hau hanya bai duba mai ba? Tun ranar duba mai ya zama aikinsa. Saboda shi yake tashi, saboda shi yake wanka da wuri, in ya gama kuma ya zauna ya cinye abin karinsa tas. Yoyon man da motar ke yi daga baya ya fara, shi kuwa Baba har wani daɗi ya ji, don aiki ya ƙaru.

Uwar Biyu, matar Bi-sannu, ta jawo kwalin da take shimfiɗawa ƙarƙashin motar, ta ɗaga shi da yatsa biyu kamar mataccen ɓera.

"Dubi don Allah. Kullum sai na canja wa Amaryarku kwali, ni da na yaye 'ya'yana tuntuni. Yaushe za a kai ta asibiti ne?"

"Kishi ne," in ji Baba, yana goge hannu. "Ta ga an fi kula da Amarya."

Suka yi dariya, Bi-sannu ya doki ƙofar hagu da gwiwa ya fita.

Lodin farko na wani mai shagon tayil ne. Ana cikin jera kwalaye a baya, mai shagon ya leƙa ƙarƙashin motar ya dafe kai. Baƙin mai ya yi ɗan tafki a kan sabon daɓen da ya shimfiɗa a ƙofar shago don jan hankalin masu saye.

"Haba Bi-sannu! Ni ina sayar da tsafta, kai kana kawo mini ƙazanta? Wallahi ina son aiki da kai, ba ka taɓa fasa mini ko ɗaya ba, amma in ba ka gyara ba gobe ka tsaya a bakin titi ka ɗauko a ka."

Bi-sannu ya ba shi haƙuri, ya nemo yashi ya zuba. A hanyar dawowa kuma, daidai kan gada, fambel, bel ɗin da ke juya fankar inji, ya fara ƙara ƙiii, har masu babur suna waiwaye. Salansar motar na fitar da hayaƙi shuɗi-shuɗi. Nan ya ce to, yau dai sai gareji.

Bakanikensa abokinsa ne tun suna yara, mutum mai tumbi da bakin tsiya. Ya shiga ƙarƙashin motar a kan wani tsohon buhu, ya fito da mai har goshi.

"Sil ɗin gaba ne ya saki, robar da ke toshe bakin inji. Man yana zuba kan fambel, shi ya sa take maka waƙa. Ba sai an sauke inji ba, kafin la'asar na gama." Ya zaro geji don ya ga abin da ya rage, sai ya tsaya. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. "Kai, zo nan. Wa ke ba motar nan mai?"

Bi-sannu ya duba. Rabonsa da riƙe gejin nan da hannunsa har ya manta. Ga layin ƙasa, ga layin sama inda mai ya kamata ya tsaya, ga man kuwa ya haye can sama da shi, har da kumfa.

"Kuma wannan bayan ta yi yini tana zubarwa ke nan," in ji bakanike. "Ɗure ake mata. Man ya yi yawa, ya rasa hanya, ya fasa sil. Wa ke wannan aika-aikar?"

"Baba ne."

Bakanike ya buɗe baki zai yi tsiyar da ya saba, sai ya rufe. Shi ma ya san tsohon, a hannunsa ya fara koyon riƙe sitiyari.

"Ba ya ganin layin," Bi-sannu ya faɗa a hankali. Sai yanzu ya gane ƙanƙance idon nan na kowace safiya. Tausayi ya kama shi, da kunya kuma, shi da yake tsaye kullum riƙe da mazurari kamar gunki.

"To, ga zance," in ji bakanike. "In na sa sabon sil ya ci gaba da zubawa haka, ba za a jima ba ka dawo. In kuma ka bar ta, wata rana fambel zai tsinke maka a tsakiyar hanya, ko injin ya buga gaba ɗaya. Gyara na nufin ka karɓe galan daga hannun tsoho. Ka zaɓa."

Bi-sannu ya zauna a kan wata tsohuwar taya ya kira gida. Ya zaci Uwar Biyu za ta yi murna, ita da ke ƙorafin kwali. Ta saurara har ya gama.

"Kada ka kuskura ka karɓe masa," ta ce. "Kai fita kake yi da safe. Ni ce nake gida lokacin da yake kwance yana kallon bango, ni nake ɗauko kwanon. Bar ta ta yi ta yoyonta. Kwali ai bai ƙare a duniya ba."

"In injin ya buga fa, me za mu ci?"

Ta ce, "To ban sani ba. Amma dai kada ya koma ɗakin nan."

Bakanike, da kunnensa ke kan wayar tun farko, ya kawo tasa dabarar. A gyara, a bar tsoho ya zuba son ransa, kullum in Bi-sannu ya sha kwana ya tsaya ya kwance notin ƙasan inji ya rage man.

"In riƙa yi wa ubana wasan yara kowace safiya? Mutumin da ke gane ciwon mota daga jin ƙararta? Ranar da ya gano, wannan ta fi karɓe galan ciwo."

"To sai ka zauna nan kai da tayar."

Ya zauna ɗin. Rana ta take, aka kawo wa bakanike abinci suka ci tare, har yanzu bai ce a gyara ba, bai ce a bari ba. Bakanike ya koma ƙarƙashin wata motar. Bi-sannu na kallon hannunsa ya fito daga ƙasa, ya lalubi tiren sifanu, ya shafa wannan, ya shafa wancan, ya ɗauki wanda yake so ko leƙowa bai yi ba. Haka Baba yake yi, ya tuna. Da shafa yake gane makullin ɗakinsa a cikin sauran, da tafin hannu yake gane tayar da ta sha iska.

Ya miƙe. "Gyara ta. Kuma ara mini ƙaramin zartonka."

Yayin da bakanike ke fama da sil, Bi-sannu ya ɗaure geji a maƙalar tebur, ya yi masa tsaga a gefe daidai layin sama, wadda farce zai iya kamawa. Ba ta fito a miƙe ba, shi ba gwanin zarto ba ne. Aka rage man ya tsaya cif a kan tsagar.

Washegari da safe Baba ya fito da tsummansa, an yi wanka an sha turare.

"Baba, jiya na kai ta an canja sil."

"Ba shawara? To, ai motarka ce." Ya tura baki. "Riƙe mazurari."

Ya zaro geji ya goga, tsumma ya maƙale. Ya sake jansa, ya sake maƙalewa. Ya sa babban yatsa ya shafa wurin. Uwar Biyu ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta fasa sharar.

Tsohon ya mayar da geji ya zaro, amma wannan karon bai ɗaga shi wajen haske ba. Ya ɗora yatsa daga sama ya gangaro a hankali. Ƙarfe a bushe, a bushe, sai tsaga, sai danshin mai a ƙarƙashinta. Ya daɗe a haka.

"Jiya da bakaniken ya zaro, a ina ya sami man?"

Bi-sannu ya so ya ce bai lura ba. Sai ya kama yatsan mahaifinsa ya matsar da shi sama.

"Har nan?"

"Har nan, Baba."

"Kai!" Baba ya girgiza kai. "Baiwar Allah. Shi ya sa take amai."

Ya ɗauki murfin galan ya rufe, ya murɗa shi tam, ya ajiye galan a gindin bango. Ya juya ya fuskanci ƙofar ɗakinsa, Uwar Biyu ta dubi mijinta, shi kuwa ya kasa dubanta. Ashe tsummansa tsohon yake nema, ya faɗi a ƙasa. Ya duƙa da ƙyar ya ɗauka.

"Wannan tsagar wa ya yi ta?"

"Ni ne."

"Na sani. A karkace take. Bakanike ba zai yi wannan aikin ba." Ya sake shafa ta, ya zura geji ya danna shi har ƙasa. "Amma tana kamuwa. Yau Amarya ta ƙoshi, gobe ma gani. Ajiye mazurarin nan. Ruwan lagireto fa, wa ke dubawa?"

"Ni nake dubawa, wani lokaci."

"Wani lokaci! Ka ji direba. Buɗe mini. In mun gama kuma mu zaga tayoyi, ta bayan nan tun jiya ban yarda da tsayuwarta ba."

Mai shagon tayil na can yana jira, kuma da alama daga yau kullum sai ya jira. Bi-sannu ya ajiye mazurari ya kama murfin lagireto yana murmushi. Uwar Biyu ta jawo kwalin daga ƙarƙashin mota, ta juya shi gaba da baya, ko ɗigo babu, ta wuce ta ɗora wa Baba ruwan shayi.