Saƙon da Ya Ƙi Buɗewa a Kusasu

Ni dai tun ranar da aka kawo dokar kulle imel ɗin nan na ce ba za ta haifar mana da ɗa mai ido ba, amma wa ke sauraron sakatariya? Sunana Talatu. Ina aiki a ofishin Birnin Gwari na wani kamfani da ke raba wa manoma iri da taki, ya saye masara da waken suya in kaka ta yi. Ƙanina Sadisu ma a nan yake, cikin masu zagayen ƙauyuka.

Bara 'yan bindiga suka tare motar kamfani a hanyar Kakangi. Manya a Kaduna suka ce saƙon tafiyar ne ya fita, wai akwai infoma a cikinmu. Mu da muke binne 'yan'uwanmu, mu ne infoma! Shi ke nan aka sa Benjamin, mai kula da sabar imel a hedikwata, wato babbar kwamfutar da saƙonninmu ke bi ta cikinta, ya kafa doka: duk saƙon da ya fito daga sashen tsaro a kulle zai zo. Ba a tura wa wani, ba a kwafa, ba a bugawa a takarda, kuma ba ya buɗewa sai wayar mai shi ta tuntuɓi sabar Kaduna ta karɓo izini. A Kaduna wannan ƙiftawar ido ne. A ƙauye irin Kusasu fa? Sabis ɗin garin kaf a kan wani tudu yake, inda mutane ke rataye wayoyi a reshen ɗorawa su zauna jira, saƙonni su riƙa ɗigowa ɗaya bayan ɗaya. Kira ba ya shiga. Tes ne kawai da ƙaramin imel.

Ran nan ranar kasuwa ce, Sadisu yana Kusasu wajen awon masara. Bayan azahar sai ga tes ɗinsa: "Yaya, imel ya shigo daga tsaro, ya ƙi buɗewa. Me ke ciki?"

Ina ni ina sanin abin da ke ciki, tunda an mayar da ni abar zargi? Na rubuta masa: "Kar ka taho. Ka kwana nan."

Ya amsa: "In kuma cewa suka yi in bar garin fa?"

Wallahi gaskiyarsa ne. Sashen tsaro iri biyu yake turowa. Wani lokaci su ce kar a hau hanya, an ga mutanen daji a kanta. Wani lokaci su ce a fice daga ƙauye kafin duhu, za a shigo. Kuma motocin kasuwa a jere suke tasowa da la'asar, gaba ɗaya, don ba direban da zai shiga dajin nan shi kaɗai. Wanda suka bari sai gobe.

Na kira Malam Abdulfattah, shugaban tsaro, wanda ya aiko saƙon. Waya a kashe. Aka ce yana mitin da jami'an gwamnati, a ƙofa ake karɓe wayoyi. Na kira Benjamin.

"Oga Benjamin, don girman Allah buɗe saƙon nan ka karanta min."

"Anti Talatu, ni ma ba ya buɗe min. Da sunan Sadisu aka kulle shi."

"Kai da ka ƙera kwaɗon ba ka da makulli?"

"Haka suka ce in yi."

"To cire dokar!"

"Sai manaja ya sa hannu."

Ban san lokacin da na fara zage-zage ba. Na ce masa ran mutum ne, ba buhun masara ba. Bai yi fushi ba, bawan Allah. Ina jin takunsa a kan matakala yana haki, yana neman manaja ofis-ofis. Ni kuma ina ta tura wa Sadisu tes ya ƙara haƙuri, ya riƙe direba da hira, ya ce cikinsa ke ciwo, ya yi ko mene ne. Shi kuwa har da tsokana: "Yaya, kin taɓa ganin direban kasuwa ya jira mai ciwon ciki?"

Manaja ya sa hannu ana kiran sallar la'asar. Benjamin ya bar ni a kan layi ina jin yana danne-danne. Ya ce ya cire ma'aikatan Birnin Gwari daga cikin dokar, ya adana. Na ce alhamdulillahi, na tura wa Sadisu ya sake gwadawa.

"Bai buɗe ba."

Na karanta wa Benjamin amsar Sadisu. Sannan ya ce, a hankali, "Anti, canjin nan sababbin saƙonni yake shafa. Wanda ya riga ya fita a kulle, a kulle zai zauna. Sai Malam ya sake turowa."

Na zauna a ƙasa, a kan simintin ofis, ban ma san na zauna ba. Duk gudun nan da muka yi a banza.

Tes na ƙarshe ya shigo: "Motoci za su tashi. Mutanen gari ma ba su natsu ba, wasu na kwashe yara. Zan biyo su, Yaya. Ki ce wa Muslimat ta ajiye min tuwo." Muslimat matarsa ce. Na rubuta kar ka taho, na sake rubutawa, na sake. Ya riga ya sauka daga tudun.

Rana ta yi ja kafin Malam Abdulfattah ya fito daga mitin. Ya sake tura saƙon, wannan karon a buɗe, har da ni a ciki. Layi ɗaya ne tak: kada kowa ya hau hanyar Kusasu yau, an ga babura sun taru a bakin rafi. Abin da aka kulle ke nan. Abin da kowace mai ƙosai a tasha za ta iya faɗa maka kyauta, in ta ji.

Na fita tasha da mayafina a hannu. Mata da yawa na tarar a tsaye, kowa ido a kan hanya. Motocin Saminaka sun iso. Na Kakangi sun iso. Na Kusasu shiru.

Ana shirin kiran magariba Benjamin ya bugo, cike da murna. "Anti, an buɗe! Saba ta nuna an karanta saƙon a wayarsa yanzun nan. Ya samu sabis ke nan, ya fito daji!"

Na danna lambar Sadisu. Ta shiga. Aka ɗauka, na ji hayaniyar maza da ƙarar babur a baya.

"Sadisu? Sadisu, kana ina?"

Wata murya da ban sani ba ta yi dariya kaɗan. "Ke ce Yayar? Yawwa. Yanzu yaronmu ya karanta mana saƙonku. Wa ya faɗa muku muna bakin rafi?"