Toshiyar Bakin Daji

Malam Auwalu ya tsufa a wani kamfanin jima a Challawa, amma ko sau ɗaya hannunsa bai taɓa ɗanyar fata ba. Shi aikinsa sallamar mutane. In ruwan jima ya gangara kogi, kifi ya taso ciki a sama, shi ake turawa wurin masunta da buhun shinkafa. In 'yan duba-gari suka zo suna toshe hanci, shi zai ja su bayan janareta, su fito suna fara'a kamar warin ya koma turaren wuta. Da rashin wuta ya rufe kamfanin a shekarar 2004, wasu sun fita da sana'a, wasu da tari. Shi kuwa ya fita da ilimi guda ɗaya tak: duk abin da yake da baki, ana iya toshe shi.

Bayan haka ne aka gano ciwon daji a nonon matarsa Rukayya, wadda maƙwabta ke kira Maman Binta. Aka yi mata aiki, aka ce ta riƙa zuwa asibiti a Zariya ana ɗaura mata ruwan magani. Ruwan nan ba ya wasa. Gashinta ya zube, abinci ya koma mata kamar ƙasa, ga ciki ya ɗaure tamau, bayan gida ya gagara. Likita ya rubuta mata wani farin gari na gwangwani, wata nas ta zaunar da su ta yi bayani.

"Baba, wannan ba maganin daji ba ne. Akwai wasu ƙananan halittu a hanjin kowa, ido ba ya ganinsu, su suke taimakon ciki. Ruwan magani yana wahalar da su. Garin nan abincinsu ne. Cokali ɗaya a kofi, ta bi da ruwa mai yawa."

Malam Auwalu ya gyaɗa kai irin na manya. Cikin maganar duka, abu biyu ya ɗauko ya sa a aljihu: akwai mai rai a ciki, kuma yana karɓar abinci.

A mota ya yi ta juya zancen. Halittu a cikin mutum, an ce sun fi mutanen Kano yawa, ba haya, ba haraji. To wa ke shugabancinsu? Ai gari ba ya zama ba dagaci. Kafin su wuce Kwanar Ɗangora ya gano cewa dajin nan shi ne babbansu. Ya kuma tuna kakarsa a Kumbotso, wadda take ɗaura tsokar nama a kan gyambo, wai ciwo ya ci ya ƙoshi ya ƙyale mai shi. Ashe Turawa ma sun biyo hanya, sai dai su sun niƙa nasu sun zuba a gwangwani.

Da suka isa gida ya karɓe gwangwanin daga hannunta. Cokali ɗaya? Wa ya taɓa sallamar babban mutum da cokali ɗaya? Ya mayar da shi ludayi, safe da rana da yamma. Cikin Rukayya ya kumbura kamar ganga, yana ƙugi ana ji daga tsakar gida. Shi kuwa sai ya matso da kunne, fuskarsa ta washe.

"Kin ji ko? Ya karɓa. Ci yake yi."

"Malam, iska ce. Mutuwa zan yi da kumburi."

"Ke dai ba ki san mu'amala ba. In mutum yana ci, ba a yi masa surutu."

Ranar komawa Zariya ta matso, sai ya yanke hukunci: ba inda za ta. Ba a ba mutum abinci da dama a zuba masa guba da hagu. Ai sai ya fusata ya tayar da tsohuwar rigima. Rukayya ta yi magiya, ta ce likita ya ja kunne cewa in aka tsallake zuwa ɗaya, ciwon zai sami sarari. Ya ce likitan nan haihuwar jiya ne, bai taɓa zama da masunta talatin masu fushi ba. Ita kuwa mace ce da ba ta taɓa taka ƙofar gida ba sai da izininsa, ba kuma a kan tabarmar jinya za ta fara ba. Ta juya fuska bango.

Da safiyar ranar sai ga Alheri, maƙwabciyarsu 'yar Kafanchan, mai naɗe alewa a wani kamfani a Sharaɗa. Ita ce mai dama wa Rukayya kunu tun da ciwon ya kwantar da ita. Ta shiga ɗaki, suka yi ƙus-ƙus, ta fito ta durƙusa nesa da tabarmarsa.

"Baba, ina kwana. Ashe haka kuka iya, kuka ɓoye mana?"

"Me aka yi?"

"Wannan dabara taku ta ciyar da ciwo. Ai ko a cocinmu sai na ba da labari. Amma Baba, ku da kuka san hanya, ku bar likitoci cikin duhu? Mutane nawa ne kwance a can? Da ni ce ku, da na je na zaunar da babbansu na koya masa."

Malam Auwalu ya shafa gemu. Ya ce shi ba mai son nuna kai ba ne.

"Haka ne, Baba. Sai dai in kun je babu Maman Binta, za su ce ina shaida. Ku tafi da ita, su ji ƙugin da kunnensu."

Wannan magana ta shige shi. Ya tashi ya fito da babbar rigarsa ta zuwa ɗaurin aure, ya kafa hula, ya leƙa ɗaki yana faɗa.

"Ke Rukayya, har yanzu ba ki shirya ba? Kullum sai kin makarar da mutane."

A asibiti nas ɗin nan ta dubi cikin Rukayya, ta tambayi yadda take shan garin. Da ta ji zancen ludayi ta daɗe tana kallon Malam Auwalu ta saman tabarau, sannan ta ce a dakatar da garin sai likita ya duba. Shi ya ɗauka kallon girmamawa ne. Ya sanar da ita cewa ya zo da muhimmiyar magana, kuma ba zai yi ta da kowa ba sai babban likita.

"To Baba, ku zauna a bencin can, za a kira ku."

Aka shige da Rukayya. Aka nemi jijiya da ƙyar, aka samu, ruwan ya fara sauka ɗigo-ɗigo. Ta lumshe ido, ɗacin da ta sani ya taso mata a maƙogwaro, ta yi hamdala.

A waje rana ta take, ta karkata. Malam Auwalu yana kan benci, ya baza riga, duk mai farar riga da ya gifta sai ya yi gyaran murya ya ɗan miƙe. Da la'asar ta yi, ya samu wani tsoho ɗan Giwa da ya kawo ɗansa ɗorin karaya, ya fara yi masa bayani tun daga farko. Tsohon kurma ne, amma yana gyaɗa kai.