Ƙwai Ukun Doña Marleny

Allurar ta shige ƙwan farko ba tare da wata turjiya ba, nan take Nidia Zapata ta gane akwai matsala. Ƙwai mai lafiya yakan ɗan yi gardama, fatarsa ta lotsa kafin ta huje. Wannan kuwa buɗewa kawai ya yi. Ta saki ƙwayar maniyyin a ciki, ta zare allurar a hankali, tana kallo ta madubin na'ura yadda abin da ke cikin ƙwan ya fara tsiyaya ta hujin, launinsa yana yin duhu.

"Ya tafi," in ji Efraín Bedoya daga bayanta. Dokar ɗakin gwajin ce, ba a taɓa ƙwan kowa sai da mutum na biyu a tsaye yana shaida, yau kuma shi ne mai shaidar.

"Ina da ido," ta ce.

Saura biyu. Ƙwai uku kacal likita ya samu a jikin Doña Marleny Ocampo da safen nan. Ran Litinin za a fara ba ta maganin sankarar mama, kuma bayan maganin ba a sa ran samun wani ƙwan. Ita da mijinta Gildardo sun baro gonarsu ta kofi a Jericó suka zo Medellín da sunan Nidia a bakinsu, don a hannunta wata 'yar uwarsu ta samu tagwaye.

Shekara ashirin da biyu Nidia ta yi tana wannan aiki na haɗa ƙwan mace da maniyyi. Hannunta ba ya rawa, kowa ya san haka, ita kuma ta fi kowa sani. Hanya ɗaya ta iya, ta kuma iya ta sosai: allura mai tsini, a danna, a ɗan zuƙo cikin ƙwan har fatar ta huje, sannan a zuba. A kusurwar ɗakin akwai wata sabuwar na'ura da aka kawo wata biyar da suka wuce. Allurarta ba ta da tsini, wata 'yar girgiza mai laushi take yi ta huda ba tare da an matse ƙwan ba. Efraín aka tura ya koyo ta. Shi da Nidia kusan sa'o'in juna ne, sun yi shekara goma sha biyar suna karyawa da arepa, wainar masara, a teburi ɗaya suna yi wa juna tsiya. Ita ta raɗa wa na'urar suna Mai Zazzaɓi, ta ce an yi ta ne don waɗanda Allah bai ba hannu ba.

"Nidia, ƙwan nan ba su da ƙwari," Efraín ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Na farkon dama ba mai rayuwa ba ne."

"Wataƙila. Sauran biyun fa? Ai uwarsu ɗaya."

"Ni suka nema. Ba su ce a kira musu mai sanƙo da abin wasansa ba."

"Sanƙon na karɓa," ya ce. "Amma ki taɓa na biyun tukuna, kada ki huda. In kin ji ƙwari, na yi shiru."

Ta jawo ƙwai na biyu, ta riƙe shi, ta kai bakin allurar ta ɗan danna kaɗan. Laushi iri ɗaya, kamar tumatir da ya kwana uku. Ta san za ta iya sa'a. Ta sha yin sa'a da irinsu, ta kuma sha binne wasu a cikin rahoto da kalma ɗaya. Ƙwai ba ya son daɗewa a waje, babu lokacin dogon tunani.

Ta janye allurar, ta ture kujerar baya.

"Ɗauka. Yi sauri kafin su huce."

Bai yi mata tsiya ba, kuma ta ji daɗin haka. Ya mayar da kwanon gilashin da ƙwan ke ciki kan na'urarsa, ita ta tsaya a bayansa ta karanta sunan matar da na mijin da ƙarfi, kamar yadda mai shaida yake yi. Abin ya yi mata ciwo, ciwo sosai. Tana kallon allon, allurar ta yi ɗan motsin nan nata, ta shige, ƙwan ko lotsawa bai yi ba. Na ukun ma haka. Bayan awa biyu suka sake dubawa, dukansu suna nan cif, da haskensu.

Da la'asar ta shiga ɗakin hutawa. Marleny na kishingiɗe, Gildardo na gefen gado da malafarsa a kan gwiwa. Yana ganinta ya miƙe.

"Dakta, yaya? Tun safe ban iya haɗiye ko kofi ba."

"Biyu suna nan lafiya. Gobe da safe za mu san ko sun kama."

Marleny ta kamo hannun Nidia da hannu biyu ta ɗora a kumatunta. "Allah ya yi wa hannun nan albarka, 'yar uwa. Na faɗa maka, Gildardo."

Da Nidia ta yi murmushi ta fita, da shi ke nan. Sai ta zauna a bakin gadon.

"Doña Marleny, ba hannun nan ba ne. Ɗaya na yi, shi ne ya lalace. Biyun abokin aikina ne ya yi su, da wata hanya da ta fi tawa sauƙi ga ƙwai irin naki."

Gildardo ya juya malafarsa. "Amma mu wurinki muka zo."

"Na sani, Don Gildardo."

Marleny ba ta saki hannun ba. Ta juyo ta dubi Nidia.

"Da kin ba shi tun daga na farkon, da uku ne?"

Akwai amsar da ake bayarwa a irin wannan wuri, cewa ba wanda ya sani, kuma ba ƙarya ba ce. Nidia ta sha faɗinta.

"Ina jin da uku ne," ta ce.