Kafaɗa ta Shida

Ranar Litinin ce, uku ga watan Oktoba, ana yayyafi tun safe, irin wanda ba ya jiƙa ƙasa sai dai ya ɓata wa mutum rai. Ina zaune a shagon kofin Rocco, ban sayi komai ba, sai wayata ta yi ƙara. Wata mata ce daga wani asibiti a Milano, muryarta a miƙe kamar an bi ta da dutsen guga. Ta ce an samu gurbi. Likitan huhu zai ga Modestino Iannaccone ranar Juma'a, ashirin da ɗaya ga wata, ƙarfe biyar na yamma.

Modestino babana ne. Wata bakwai muna jiran wannan kiran. A asibitin lardinmu an ɗauki hoton ƙirjinsa, likita ya daɗe yana kallo, sannan ya ja ni gefe ya ce, "Da babana ne, jirgi zan sa shi zuwa arewa. Nan ba mu da kayan aikin."

Da ƙuruciyarsa Baba ya yi shekara shida a wani kamfani da ke ƙasan dutse, yana kankare farin garin asbesto mai cin huhu daga bangon tsofaffin taragon jirgin ƙasa, da ƙyalle ɗaure a hanci. Su goma sha huɗu ne daga garinmu, Serrabianca. A wannan kaka saura biyu: shi da Kawu Pellegrino, maƙwabcinmu na ƙasan layi. Dukansu tari ɗaya suke yi, amma Mama ta ce tana gane wane ne ya farka ta taga.

Na ruga gida a guje. Ban taɓa kawo wa gidanmu labari mai daɗi ba tun da na bar makaranta ina shekara goma sha shida.

* * *

A teburin kicin na yago bayan kalanda na zauna tsara tafiyar. Ni ne mai waya, ni ne na iya sayen tikiti, kuma wannan ne aiki na farko da aka bar mini ba tare da an ce "kira Rosaria ta duba" ba. Rosaria yayata ce, tana aiki a wani shagon magani a Milano, su uku a ɗaki ɗaya da wasu 'yan mata.

"Ga yadda za a yi," na ce. "Mu bar gida ƙarfe tara. Awa ɗaya da minti arba'in da biyar zuwa Napoli. Jirgin ƙasa mai sauri yana tashi sha ɗaya da minti talatin da biyar. Huɗu da 'yan mintuna muna Milano. Rosaria ta tarbe mu, biyar saura kwata kana gaban likita."

"To, Farfesa ya yi magana," in ji Baba. Haka yake kirana tun ranar da na ajiye jakar makaranta. "Awa huɗu da rabi? Ni da na san taragon nan ciki da bai? Kwana guda ake yi, ana tsayawa a kowane kabari."

"Wancan na zamaninku ne, Baba. Wannan kilomita ɗari uku yake ci a awa."

"Ina yake sauri haka? Matarsa ce ke naƙuda?"

Mama ta juyo daga kan murhu da cokali a hannu. "Ku tafi tun ranar Alhamis mana, ku kwana."

"A ina, Filomena? Tsakanin 'yan mata uku?" Baba ya yi dariya har ta koma tari, muka jira ya gama. "Ka ji ta, Gerardo. So take ta rabu da ni."

Na zaɓi tikitin rahusa, kusan yuro talatin kowanne. An rubuta a ƙasa cewa ba a canja shi, ba a mayar da kuɗi. Na karanta, na danna. Akwai minti hamsin na rara a tsarina, me zai ci minti hamsin?

Abin da ban faɗa ba shi ne tikiti uku na saya, ba huɗu ba. Biyu na tafiya, ɗaya na dawowa. Rosaria za ta zo gida ganin Mama a ƙarshen wata, ita za ta rako shi. Ni kuwa wani abokina ya ce ana ɗaukar masu lodi a wani sito a bayan Milano. Na wanke motoci, na tsinki zaitun, na yi fenti, ba wanda na kai wata huɗu a kai. Kullum ji nake garin nan ya yi mini kaɗan kamar takalmin bara. Na buga takardun a shagon Rocco, na ninke, na sa a aljihun jaka.

Mama ta kwashe sati biyu tana haɗa kaya. Kwalaben miyar tumatir shida, man zaitun, cuku, tsiran alade da ta nannaɗe a jarida.

"Mama, asibiti za mu, ba kasuwa ba."

"Biyu na Rosaria, ɗaya ta likita. Haka za ka shiga wurin mutum hannu rabbana? Wa ya raine ka?"

* * *

Ranar Alhamis da safe aka manna takardar rasuwar Kawu Pellegrino a bangon coci. Jana'iza gobe Juma'a, ƙarfe uku na yamma. Baba ya sa baƙar rigarsa ya sauka gidan, ya zauna kusa da akwatin har la'asar, ya riƙe hannun Gwaggo Assunta, matar mamacin, ya ba ta haƙuri cewa gobe ba ya nan. Ta ce, "Je ka, Modestino. Ko ɗayanku ya tsira."

Juma'a gari ya waye tas, ba ko gajimare. Mun bar gida tara da minti goma, saboda Mama ta koma ɗauko kwalba ta bakwai. Saura minti arba'in na rara. Na saki motar a gangaren, ina lissafi a raina.

A kwanar coci na ji ƙararrawa, bugu ɗaya, shiru, bugu ɗaya. Rocco yana jan ƙofar shagonsa ƙasa zuwa rabi, kamar yadda ake yi in gawa za ta wuce. Na leƙo ta taga.

"Rocco! Ba ƙarfe uku aka ce ba?"

"Fadan coci ya dawo da ita safe. Yana da wata jana'izar a ƙauyen gaba, da ɗaurin aure a na bayansa. Mutum ɗaya, gari uku, ya za ka yi da shi?"

Hanya ɗaya ce ke fita daga Serrabianca, faɗinta na mota ɗaya da jaki. Motar gawa ta riga ta shige ta, tana tafiya da saurin ƙafar tsohuwa, mutane na biye. Maƙabarta tana can ƙasa, kilomita ɗaya da rabi. Hannuna ya tafi kan hon da kansa. Baba ya kama shi.

"Kul."

"Baba, su ɗan matsa gefe kawai. Gwaggo Assunta da kanta ta ce ka tafi."

"Ba a wuce gawa, Gerardo."

"Kawu Pellegrino ba ya sauri. Mu ne muke sauri."

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, bai ƙara kallona ba. Muka bi su a giya ta ɗaya. Na ƙirga masu rakiyar don kada in yi ihu: mata tsofaffi goma sha ɗaya, Fada Sabino, maza 'yan kaɗan masu furfura. 'Ya'yan mamacin biyu suna Jamus, jirginsu sai yamma zai sauka, don ƙarfe uku aka gaya musu. Gidajen da muke wucewa rabinsu tagogi a rufe, da allon sayarwa da rana ta cinye rubutunsa.

Minti ashirin da takwas. A bakin maƙabarta hanya take buɗewa. Saura minti goma sha biyu na rara, kuma na san inda zan rama wasu a babban titi. Na ɗora ƙafa a kan totur.

Sai na ga an tsaya cirko-cirko.

Maƙabartarmu a kan tudu take, matakala sittin da biyu daga titi. Mota ba ta hawa. Daga nan a kafaɗa ake ɗauka, mutum shida, kuma a garinmu ba a biyan baƙo ya ɗauki mutum. Maƙwabta ne ke ɗauka. Direban motar gawa ya buɗe baya ya koma gefe ya harɗe hannu. Rocco ya matso, da mai gyaran famfo, da ƙanen Gwaggo Assunta, da wasu dattawa biyu. Biyar. Suka dubi juna, suka dubi titi. Gwaggo Assunta ta juya tana neman fuskar namiji a cikin taron mata.

Na ji ƙofar mota ta buɗe.

"Baba!"

Ya riga ya fita. Mutumin da yake hutawa sau biyu kafin ya hau benen gidanmu, ya taka a hankali har bayan motar, ya gyara kafaɗar rigarsa, ya tsaya a gurbin na shida.

"Modestino, ka haukace?" in ji Rocco. "Akwati ɗaya muka zo da shi."

"Shekara shida muna cin abinci a kwano ɗaya. Ba zai kwana a titi ba."

Ban san lokacin da na kashe mota ba. Na je na dafa shi na matsar da shi gefe, kamar yadda ake matsar da kujera, don nauyinsa bai fi haka ba. Na sa kafaɗata.

"Farfesa ya samu aiki," in ji shi a bayana.

Akwatin ya fi mutumin da ke ciki nauyi. Dattawan suna hutawa bayan kowace matakala goma, ni ina jin gefen katako yana cin ƙashina, agogon hannuna kuma yana daidai idona. Da muka kai sama muka tura akwatin cikin raminsa na bango, don a garinmu a bango ake binne mutum, na juya zan sauka a guje. Sai na hango Baba a tsakiyar matakala, yana riƙe da ƙarfen gefe, yana hawowa. Ba a tafiya sai magini ya sa bulo na ƙarshe. Ya iso ana kan layi na uku, bakinsa ya yi shuɗi. Ya tsaya da hula a hannu har aka shafe siminti.

* * *

Sha biyu da minti ashirin muka shiga tashar Napoli, ina jan akwatin kwalabe, shi yana jan numfashi. Jirginmu ya yi nisa. Juma'a ce, 'yan kudu masu aiki a arewa sun cika kowane tarago. Na'urar tikiti ta nuna kujera ta farko sai jirgin ƙarfe ɗaya, wanda zai isa biyar da rabi.

Na kira asibitin. Matar nan ce mai gogaggiyar murya.

"Don Allah, baiwar Allah, ko ƙarfe shida ne. Jana'iza ce ta tare mu."

"Allah ya ba da haƙuri. Likita yana tashi biyar da rabi. In sa muku wata rana?"

"Yaushe?"

Na ji tana danne-danne. "Tara ga Maris."

Baba yana zaune a kan benci, yana kallon wani jirgi da ya shigo, dogo, mai hanci kamar na kifi, jikinsa na ƙyalli. Mutane suna fitowa da ƙananan jakunkuna, ba mai tari a cikinsu.

"Yana da kyau," ya ce. "Wannan ba mai kankare shi."

Na zauna kusa da shi. Na so in yi masa faɗa, amma ban ga inda zan fara ba.

"Na ga takardunka," ya ce. "Jiya, ina neman wurin sa maganina a jaka. Ban yi boko ba, amma na iya ƙirga uku." Ya zaro walat ɗinsa ya ɗora a cinyata. "Hau na ƙarfe ɗaya. Kai ba likita ke jiranka ba. Ni zan kira Rocco ya zo ya ɗauke ni."

Na dubi allon jirage. Milano, ƙarfe ɗaya, layi na sha bakwai. Kafaɗata tana zogi a inda katakon ya zauna. Na tuna dattawa biyar a bakin maƙabarta suna duban titi, na sake ƙirga su ba tare da ni ba.

"Tashi mu je gida, Baba. Tumatirin Mama zai lalace."

"Wawa," ya ce a hankali, ya mayar da walat ɗin aljihu.

A hanya muka zo wuce maƙabarta. Ya ce in rage gudu.

* * *

Baba ya rasu ranar sha ɗaya ga Fabrairu. Mun samu mutum shida, amma sai da Rocco ya roƙo ɗaya daga ƙauyen gaba. Ranar bakwai ga Maris saƙo ya shigo wayata, ana tuna wa Modestino Iannaccone cewa jibi yana da ganin likita, ya zo da wuri da minti goma sha biyar.

Ina nan Serrabianca. Duk wanda ya mutu a garuruwa ukun nan, ni Fada Sabino yake fara kira. Na ɗauki tara zuwa yanzu. Shi ne aikin da na fi daɗewa a kai.

Bayan kalandar yana nan a aljihun tebur, da rubutuna: tara, sha ɗaya da talatin da biyar, biyar saura kwata. Wani lokaci nakan ciro shi in duba ko akwai inda na yi kuskure a lissafi. Babu.

Abin da ya tafi dai ga shi: tikiti uku. Wata bakwai na jira. Aikin sito ɗaya. Mutum goma sha huɗu cikin goma sha huɗu. Kwalbar likita kuwa tana kan kanta a kicin, Mama ta hana a buɗe.