Shamuwa Ba Ta Sauka Ba

Kukan injin yankan itace ne ya katse wa Malam Sanda lazimin safe. Ya fito ba takalmi. A bakin gonarsa, bayan garin Ƙaura, ma'aikatan kamfanin gidaje sun kewaye tsohuwar tsamiyar da shamuwa ke sheƙa a kanta tun kakansa na goye. A unguwar nan ba mai zuba iri a ƙasa sai shamuwa ta sauka kan tsamiyar.

Tun farko har gaban maigari manoma suka je, suka ce a ci gonakin amma a bar musu itacen nan guda. Aka ce titi zai bi ta wurin.

Mai riƙe da injin Auwalu ne, ɗan ƙanen Malam Sanda.

"Kai Auwalu, in ka kada ta, wa ka faɗa muna lokacin shibka?"

"Haba Baba, ai rediyo na faɗi."

"Rediyo na da fiffike?"

Ma'aikata suka yi dariya. Auwalu bai ɗago ba. Kafin azahar tsamiya ta kwanta, ƙasa ta amsa har cikin ƙirjin tsoho.

* * *

Bazara ta yi nisa, an rufa wa gidajen farko kwano. Wata la'asar inuwa ta gilma kan zauren Malam Sanda. Ya ɗaga kai.

Ga shamuwa nan daga kudu, garke bayan garke, baƙin baya, farin ciki, ko fiffike ba sa kaɗawa. Suka miƙe sak zuwa inda tsamiyar take, suka soma kewaya. Da ido ya ga sun zana ta a sama: ga faɗin rassanta, ga tsininta, ba ragi. Magina suka ajiye bulo. Auwalu ma ya tsaya, baki buɗe.

"Tsarki ya tabbata ga Allah," in ji tsoho.

Ɗaya ta sauko, ta miƙa ƙafafu za ta kama reshe, ta kama iska. Ta sake gwadawa. Ta gwada kwano, zafi ya kore ta. Can suka ɗaga gaba ɗaya, suka yi wajen Zurmi.

Saliha matarsa ta fito da ƙwaryar irin gero.

"Malam, sun zo. In kawo sungumi?"

Bai sauke ido daga sama ba.

"Sun zo, ba su sauka ba. Mai da iri ɗaka."