Rigar Uwar Amarya

Zabi ne koraye, ɗaruruwa, suna tsere a kan atamfa mai ruwan goro, kowace zabuwa da ƙafa ɗaya a sama. Kaltume ta warware turmin a kan tabarma, ta ja da baya tana kallon fuskar yayarta.

"Yaya Sa'adiyya, kin gani? Tun daga Babura nake dariya ni kaɗai a mota. Mai shagon ya ce daga Nijar aka shigo da ita. Na ce ko daga ina ne, domin ke aka yi ta. Ita ce ankon iyaye mata."

Halima Sa'adiyya ta fito da hannun dama daga cikin hijabi, ta murza gefen atamfar tsakanin yatsu. Auduga ce mai kyau, mai sanyi. Saura mako biyar bikin 'yarta Bahijja.

Kaltume ta rage murya. "Akwai wata tela a bayan tasha, mace ce, ba ta da surutu. Ki bari in kai ki ta gwada ki."

"Shekara ashirin da shida ba wanda ya ɗora mini tef a jiki. Ba yanzu zan fara ba."

"To ki yi zane da ɗankwali, ki zauna da hijabinki."

"Uwar amarya, ran yini, a tsakar gidanta, cikin mata zalla, da hijabi har ƙasa? Kaltume, ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Kaltume ta durƙusa. Ta naɗe atamfar a hankali, ta ɗora a kan keken ɗinkin da ke kusurwar ɗaki, lulluɓe da tsohon zanen gado.

A Kazaure duk wanda ya san Malama Sa'adiyya ta firamare, da rigunanta ya san ta. Ba tela ba ce, ba ta taɓa yi wa kowa ɗinkin kuɗi ba. Kanta kawai take yi wa, da 'ya'yanta. Tun tana makarantar horon malamai ta koyi yanka samfur, wato ta zana gaban riga da bayanta da hannunta a takarda, ta yanke, ta ɗora a kan yadi ta bi da alli. Takardar buhun siminti take amfani da ita, don ba ta saurin yagewa. Akwati guda ta tara, kowane samfur da sunansa: mai faffaɗan wuya, mai tattara a ƙugu, na lokacin cikin ɗanta Jalaluddeen. Atamfar da wasu mata ke gani su ce ta yara ce, ita take nema: mai butoci, mai makullai, mai fanka. Yaran ajinta sun koyi ƙirga da lemukan da ke jikin wani zaninta.

Wata goma da suka wuce aka yi mata aiki a babban asibiti a Kano, aka cire mata mama na hagu saboda ciwon daji. Ban da mijinta da 'ya'yanta da Kaltume, ba wanda ya san abin da aka cire. Mutanen unguwa sun ji dai an yi wa Malama aiki, sun zo dubiya, sun tarar da ita cikin hijabi. Tun daga ranar ba ta buɗe keken ba.

Washegari da hantsi, bayan kowa ya fita, ta ja akwatin, ta zaro samfurin da ta fi so. Ba ta taɓa ankon ba. Wani tsohon zane ta yanka don gwaji. Ƙafarta ba ta manta da keke ba. Kafin azahar ta gama, ta kulle ƙofa, ta tsaya gaban madubi.

Hannun hagu ne ya fara ƙi. Tun bayan aikin damtsen ya kumbura, hannun rigar ya tsaya mata a gwiwar hannu. Ta farke ɗinkin, ta zura da ƙyar. Daga dama rigar ta zauna kamar yadda ta saba. Daga hagu ta zube, ta lotsa kamar buhun da aka juye, wuyan ya karkace ya gangaro har bakin tabon ya leƙo. Ta cusa auduga, audugar ta haura sama. Ta naɗe ƙyalle ta tura, da ta sunkuya ya faɗo a gaban ƙafarta.

Ta daɗe tana kallon ƙyallen a ƙasa. Ba ta yi kuka ran da likita ya faɗa mata sunan ciwon ba, ba ta yi ba ran da gashinta ya fara biyo mataji. Yau sai ta zauna a bakin gado, da rigar gwaji a jikinta, ta yi mai isarta.

Da ta natsu, ta gane ba gyara samfurin yake bukata ba. Sabo za a yanka, daga awo. Amma hannun hagu ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa, ba yadda za ta zagaya tef ta bayanta. Kaltume ta koma Babura. Bahijja kuwa wata takwas ta yi tana wanke mata ciwo da zubar da amai. Ba za ta sake nuna wa amarya wannan ƙirjin ba.

Saura mutum ɗaya. Malam Sharfuddeen, mijinta, malamin gona ne a Achilafiya, kullum kan babur yake zuwa ya dawo. Tun da aka sallamo ta ya koma kwana a ɗakinsa, wai kada ya fama mata ciwo. Ciwo ya warke, bai dawo ba. In zai shigo ɗakinta sai ya yi sallama ya tsaya, ya jira ta rufe jiki, kamar baƙo. Bai taɓa gaza mata da magani ko mota ko addu'a ba, amma bai taɓa kallon ƙasa da haɓarta ba. Ita ta riga ta fassara wannan a ranta, ta haɗiye.

Ranar Asabar, bayan ya karya kumallo, ta leƙa ta ce, "Malam, in ba ka da uzuri, aron hannu nake so."

Ya shigo, ta miƙa masa tef da biro da takarda. Ta juya masa baya, ta cire hijabi, ta sauke rigar ciki zuwa ƙugu.

"Daga ƙashin wuya zuwa ƙugu. Kada ka ja, ka bar shi ya kwanta."

"Sha shida," ya ce, muryarsa can ƙasa.

"Rubuta. Yanzu kafaɗa zuwa kafaɗa."

Ya auna, ya rubuta. Sai ta numfasa, ta juyo.

Tabon ya taso daga tsakiyar ƙirji ya tafi har cikin hammata, baƙi, a tattare, kamar ɗinkin ɗan koyo. Malam Sharfuddeen ya kalle shi. Ya tsaya da tef ɗin a hannu, bai matso ba.

"In ba za ka iya ba, ka bari," ta ce. "Na san ba abin kallo ba ne."

"Ni na sa hannu, Sa'a."

"Hannu a me?"

"A takardar. Kina kwance suka kawo mini, suka ce miji zai sa hannu kafin su yanka. Na sa. Tun ranar, in na ɗauki biro a ofis sai na tuna. Gani nake in kin dube ni, wanda ya ba da izini kike gani."

Ta dube shi. Furfurar gemunsa ta ƙaru, ba ta lura ba sai yanzu.

"Ni kuma na zaci ƙyama ce," ta ce.

"Subhanallahi." Ya goge ido da hannun riga. "Subhanallahi, Sa'a."

"To ai sai ka auna, kada mu wuni a nan. Zagaya ta ƙarƙashin hammata."

Ya matso, ya zura tef ta hagu, ya zagayo da shi ta baya, ya kai hannu ƙarƙashin hammatar dama don ya kamo bakin. Nan yatsunsa suka tsaya. Ya sake taɓawa. Wani ƙullutu ne, mai tauri, kamar ƙwallon dabino.

"Mene ne wannan?"

Ta kawar da kai.

"Tun yaushe?"

"Mako uku."

Ya saki tef ɗin. "Jibi Litinin mu tafi Kano."

"In muka je, ruwan maganin nan za su mayar da ni kai. Ka ga yadda yake yi da ni, ko zama ba na iyawa. Yarinyar nan ta ɗage bikinta sau ɗaya saboda ni, dangin mijin suka yi haƙuri. Ba za ta ɗage na biyu ba."

"Mako huɗu ba wasa ba ne ga irin wannan ciwo."

"Na fi ka sani, a jikina yake. Malam, ban taɓa roƙonka ka ɓoye wa 'ya'yanka komai ba. Ka bar ni in aurar da 'yata a tsaye. Washegarin kai amarya, ko ina ka ce mu je, zan bi ka."

Ya roƙe ta, ya yi faɗa, ya ce zai kira Kaltume. Ta tsaya a gabansa haka nan, ba ta rufe jiki ba, har ya gaji. Daga ƙarshe ya sunkuya ya ɗauki tef.

"Talatin da bakwai," ya ce, ya rubuta.

Kwana tara ta yi tana fama da samfurin. Ta buɗa hannun hagu, ta buɗa na dama daidai da shi don kada ido ya gane. Ta ɗaga wuyan, ta zuba tattara daga kafaɗa yadda yadin zai sauko a sake. A cikin shafin rigar ta ɗinka aljihu. Auduga ba ta da nauyi, soso yana tsayawa ƙiƙam. Malam ne ya ce a gwada gero. Ta ɗinka 'yar jaka, ta haɗa gero da auduga, tana ƙarawa tana ragewa, shi kuma yana zaune a bakin gado yana cewa, "Ya ɗan yi ƙasa," ko "Rage kaɗan." Kayansa sun dawo ɗakin ba tare da an yi maganar ba. Sau biyu ta ɗago daga keke ta kama shi yana kallonta, labarin zuciya duk a fuska. Ta mayar da kai kan allura.

Ran yini gida ya cika har soro. Sa'adiyya ta fito ba hijabi, da rigar zabi da zane da ɗauri, mata suka ɗauki guɗa. "Malama ta dawo!" Wata ta juya ta gaba da baya tana tambayar wane tela ne. Da masu kiɗan ƙwarya suka kira uwar amarya, ta shiga fili ta taka, hannun hagu a maƙale da ƙugu kamar yanga. Bahijja ta rungume ta tana kuka tana dariya.

"Umma, wallahi yau na yarda kin warke."

"Ki yi a hankali, za ki ɓata kwalliyarki," ta ce, tana gyara mata mayafi.

Ta cika alkawari. Washegarin kai amarya suka tafi Kano, aka ɗebi jini, aka yi hoto, aka ce su dawo bayan mako biyu. Ran komawar ta sa rigar a ƙarƙashin mayafi.

Likitan ya daɗe yana duba takardu kafin ya ɗago. Ya tambayi yaushe ta fara jin ƙullutun, ta faɗa masa gaskiya. Ya dubi Malam Sharfuddeen, Malam ya sunkuyar da kai. Sannan ya yi bayani a hankali: ciwon ya wuce hammata, ya kai hanta. Ba maganar wani aiki kuma. Za a ba da magani don rage gudunsa da rage zafi.

"Da mun zo tun farko fa?" Malam ya tambaya.

"Allah ne masani, Baba," in ji likitan.

Malam ya tafi layin karɓar magani, ita ta zauna a benci a baranda, da ambulan ɗin sakamakon a cinya. Kusa da ita wata matashiya ce, ba za ta wuce talatin ba, ta dunƙule cikin hijabi, kafaɗarta ta dama a ranƙwafe, hannu a kare da ƙirji. Sa'adiyya ta san wannan zaman. Suka gaisa. Sunanta Abu, daga Gwiwa, wata biyu da yi mata aiki.

"Baba, ke dubiya kika zo?"

"A'a. Ni ma irin naki aka yi mini. Na hagu."

Abu ta dubi ƙirjinta, ta kawar da kai don kunya, ta sake dubawa. "Ba a ganewa."

Sa'adiyya ta waiga, ba namiji kusa. Ta ja mayafi ya kare su, ta kama hannun Abu ta kai cikin wuyan rigar, ta taɓa mata aljihun da 'yar jakar.

"Gero ne da auduga. Kina da keke?"

"Maƙwabciyata tana da shi."

"Ya isa."

Ta zaro biro daga jaka, ta kifa ambulan ɗin a cinyarta, ta soma zana gaban riga a bayansa: kafaɗa, wuya, inda tattara za ta fara, inda aljihu zai zauna. Abu ta matso, ta saki ƙirjinta, tana bin bakin biron da ido.

"To Baba, ke yanzu kin warke ke nan?"

Sa'adiyya ta hango Malam yana tahowa daga ƙarshen baranda, da ledar magani a hannu, yana tafiya kamar mai tsoron isowa.

"Riƙe mini nan," ta ce, "kada takardar ta motsa. Saura hannun."