Kilo Ɗaya da Rabi

Abdulgafar mutum ne mai son a ce ya iya riƙon gida. Shekarar da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyensu, ya kwaso mahaifinsa Malam Bamanga da mahaifiyarsa, ya sauke su a gidansa na Tumfure, ɗaki biyu da tsakar gida kamar faifai. Duk wanda ya zo jaje sai ya sha labarin buhun masarar da ya ajiye.

Da cikin matarsa Hanifa ya shiga wata takwas, ya kai ta hoton ciki a wani ɗan asibiti a Tudun Wada. Ma'aikaciyar, Madam Elizabet, ta shafa mata man nan mai sanyi, ta riƙa zagaya na'urar tana auna kan jaririn da cikinsa da ƙashin cinyarsa. Ta sake aunawa.

"Malam, nauyinsa kilo ɗaya da rabi ne. Yanzu ya kamata a ce ya haura biyu. In bai ƙaru ba, akwai haɗari. Tana samun abinci kuwa?"

Ransa ya ɓaci. "Haba Madam! Sau uku ake ɗora tukunya a gidana."

"Ban tambayi tukunya ba. Ke, me kika ci yau?"

Hanifa ta sunkuyar da kai. "Kunu, da asuba."

"Jiya da rana fa?"

"Baffa yana tsakar gida," ta ce, murya can ƙasa.

Sai a lokacin abin ya faɗo wa Abdulgafar. Bafulatana mai tarbiyya ba ta cin abinci a gaban surukinta, ba ta ma ɗaukar kwanonta ta gifta ta gabansa. Shi kuwa tsohon, tun da ya rasa shanunsa ba ya leƙa waje, yini yake kan buzunsa daidai ƙofar madafa. Wata biyar ke nan Hanifa tana dafawa, tana rabawa, tana haɗiye yawu, maigidan yana can yana cika baki. Kunya ta rufe shi, ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

Bai iya tunkarar mahaifinsa da maganar ba. Ya raɗa wa mahaifiyarsa, ita kuma ba ta kwana da ita ba sai da ta faɗa wa tsohon.

Da safe ya fito bai ga buzu a tsakar gida ba. Can ya hango tsohon a bakin gonar da ke bayan gidan, zaune a rana, masu wucewa suna kallonsa suna kallon gidan. Abdulgafar ya je ya durƙusa.

"Baffa, don Allah ka shigo. Mutane za su ce na kore ka."

Malam Bamanga bai ɗago ba, shi ma kunyar ce ta hana shi haɗa ido da ɗansa.

"Bari su ce," ya ce. "Ka koma ka ce ta ci. Ran da jikana ya kai kilo biyun, ka zo ka kira ni."